Takardar sulhu kan bashin gida a Amurka: in karɓi kuɗin ko in cire sunana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka. Na sayi gida da bashin banki, daga baya aka mayar da bashin hannun wani kamfani da nake biya duk wata. Da aiki ya tsaya mini na nemi su sassauta mini biya, suka yi ta jan ƙafa, suka lafta mini tara iri-iri, har aka kusa yin gwanjon gidan. Yanzu ga takarda ta zo ta gidan waya, wai an yi ƙarar kamfanin a madadin mutane da yawa, an yi sulhu, kuma ina cikin waɗanda za a biya. Ni kuwa ban kai kowa ƙara ba. Gaskiya ne ko damfara? Idan gaskiya ne, nawa ake samu, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya tsare maka gidanka, ya kawo sauƙi. Irin wannan takarda sau da yawa ta gaskiya ce, kuma tabbatar da ita ba shi da wuya. Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, kuɗin da ake maganar ba ka ciniki ne. Za ka karɓi wani abu, kai kuma ka saki haƙƙinka na kai kamfanin nan ƙara a kan wannan magana har abada. Ko cinikin ya zama riba ko faɗuwa, ya danganta da girman ɓarnar da aka yi maka, kuma lokacin yanke shawarar gajere ne.

Fara da tantance takardar. Ta gaskiya tana ɗauke da sunan kotu, da lambar shari'a, da sunayen masu ƙara da wanda ake ƙara, da sunayen lauyoyin da kotu ta naɗa su wakilci jama'a, da adireshin shafin intanet na kamfanin da zai raba kuɗin. Kada ka kira lambar wayar da ke jikin takardar tukuna. Nemo lambar ofishin magatakardan kotun da kanka, ka ba su lambar shari'ar, su gaya maka ko akwai ta. Idan kotun tarayya ce, ana iya ganin fayil ɗin a rumbun intanet na kotunan tarayya da ake kira PACER. Alama ɗaya ba ta kuskure: duk wanda ya ce sai ka biya wani abu kafin a sako maka rabonka, ɓarawo ne. Ba a biyan ko sisi don shiga irin wannan sulhu.

Batun cewa ba ka kai kowa ƙara ba, haka tsarin yake. A dokar Amurka, ƙa'ida ta 23 cikin ƙa'idojin shari'ar farar hula na kotunan tarayya ta ba mutum ɗaya ko 'yan kaɗan damar shigar da ƙarar gayya a madadin duk waɗanda aka yi wa laifi iri ɗaya. Da zarar alƙali ya amince cewa matsalar tasu guda ce, kowa da ya dace da bayanin ya shiga ciki, ya sani ko bai sani ba. Sunanka kuwa daga kundin kamfanin aka ciro shi.

Kafin mu je ga kuɗi, yana da kyau ka gane da wa kake rigima, domin mutanenmu da yawa suna ɗauka bankin da ya ba su bashi shi suke biya. Yawanci bankin yana sayar da bashin ba da jimawa ba, ga Fannie Mae ko Freddie Mac, manyan kamfanonin da ke sayen bashin gidaje, ko wata ƙungiyar masu zuba jari. Wanda kake turawa kuɗi duk wata ɗan tsakiya ne: yana karɓa, ya miƙa wa mai bashin, ya biya harajin gida da inshora daga asusun ajiyar da yake tara maka, idan ka gaza biya kuma shi ke fara shirin ƙwace gidan. Kai ba ka zaɓe shi ba, ba ka kuma iya korarsa. Ladarsa ɗan kaso ne daga bashin, amma tarar jinkirin biya yawanci aljihunsa take shiga. Sauraron mai neman sassauci kuwa yana cin ma'aikata da lokaci. Daga wannan tsari ne yawancin laifuffukan suke fitowa.

Ɗauko takardar bayanin wata-wata ta lokacin da ka shiga matsala, ka duba layi-layi. A ce biyanka na wata dala 1,400 ne, wani wata ka iya tura 1,300 kawai. Kamfani yana iya ajiye kuɗin a wani asusun jira maimakon ya zuba su a bashin, sai a rubuta cewa ba ka biya watan ba, tara ta hau. Wata mai zuwa ka tura 1,400 cif, a cike gurbin watan baya, wannan watan kuma ya zama da giɓi. A layukan ƙasa za ka iya ganin kuɗin duba gida, wato an turo wani ya wuce a mota ya ɗauki hoto don tabbatar da cewa akwai mutane a ciki, sai kuɗin kimanta darajar gida, sai kuɗin lauya. Idan inshorarka ta yanke ko kamfanin ya ce bai ga shaidarta ba, sai ya saya maka tasa mai tsada ƙwarai, wato inshorar dole, wadda ke kare mai bashi fiye da yadda take kare ka, ya ɗora a kanka. Mafi muni shi ne tafiya a kan hanya biyu: wani sashe na kamfanin yana ce maka ana duba takardunka na neman sassauci, ka sake turo takardar albashi, ta baya ta tsufa, wani sashen kuma yana can kotu yana neman izinin gwanjo. Daga bayaninka, wannan na ƙarshe ne ya same ka.

Irin wannan aika-aika ta fito fili a 2010. Wani ma'aikacin kamfanin bashin gidaje na GMAC mai suna Jeffrey Stephan ya amsa a ƙarƙashin rantsuwa cewa yana sa hannu a kan takardun ƙwace gidaje kusan 10,000 a wata, takardun da ke cewa ya duba fayil ɗin da kansa, alhali bai duba ba. Antoni-janar na jiharku ta Ohio a lokacin, Richard Cordray, ya maka kamfanin a kotu a watan Oktoba na shekarar, kuma shi ne daga baya ya zama shugaban farko na hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, wato CFPB. Daga nan aka shiga zangon manyan sulhu, kuma a nan ne ya kamata ka bambance iri biyu, domin mutane suna cakuɗa su.

Iri na farko shi ne sulhun da gwamnati ke yi. A Fabrairun 2012 gwamnatin tarayya da antoni-janar na jihohi 49 suka yi sulhun dala biliyan 25 da bankuna biyar: Bank of America, JPMorgan Chase, Wells Fargo, Citi da Ally, wato tsohon GMAC. Oklahoma ce kaɗai ta yi nata daban. Adadin ya cika kunne, amma mafi yawansa ba tsabar kuɗi ba ne. Kusan biliyan 20 maki ne da ake ba bankunan idan suka rage wa wasu uwar bashi, ko suka sabunta musu shi da ruwa mai sauƙi, ko suka yarda a sayar da gida ƙasa da bashin da ke kansa. Abin da aka ware wa waɗanda aka riga aka ƙwace wa gidaje tsakanin 2008 da 2011 dala biliyan 1.5 ne, da aka raba a 2013 kowa ya tashi da kimanin dala 1,480. Mutum ya rasa gidan da ya yi shekaru yana biya, aka ba shi abin da da ƙyar zai biya hayar wata ɗaya ko biyu. Wasu jihohin ma sun karkatar da kason da aka ba su don taimakon masu gidaje zuwa cike giɓin kasafin kuɗinsu. A Kalifoniya sai da kotu ta ce an karkatar da dala miliyan 331 ba bisa ƙa'ida ba.

A gefe guda, hukumar OCC mai sa ido kan bankunan tarayya, ita da babban bankin Amurka, sun umarci kamfanoni a 2011 su ɗauko masu bincike su bi fayil-fayil na gidajen da aka shiga ƙwacewa a 2009 da 2010. Aka kashe wa masu binciken kusan dala biliyan 2 ba a kai ko'ina ba, sai aka dakatar da aikin a farkon 2013, aka ce a raba dala biliyan 3.6 ga mutum sama da miliyan 4. Rabon ya kama daga dala 300 zuwa 125,000. Babban adadin na 'yan ƙalilan ne, irin sojojin da aka ƙwace wa gida suna bakin aiki, abin da doka ta hana. Mafi yawan jama'a 'yan ɗaruruwa suka samu. A Disambar 2013 kuma CFPB da jihohi suka sa kamfanin Ocwen ya rage bashin dala biliyan 2, ya kuma biya miliyan 125 ga kusan mutum 185,000 da suka rasa gidajensu.

Duk da ƙanƙantar rabon, sulhun 2012 da na 2013 suna da alheri guda babba: wanda ya karɓi cek ɗinsa bai rasa damar kai bankin ƙara da kansa ba. Gwamnati ta yafe nata haƙƙin ne, ba ta yafe na ɗaiɗaikun mutane ba.

Taka takardar iri na biyu ce, sulhun ƙarar gayya da lauyoyi masu zaman kansu suka shigar, kuma a nan abin ya sha bamban. Kamfani yana biyan kuɗin ne don ya sayi kwanciyar hankali, wato kada wani daga cikinku ya sake tayar da maganar. Saboda haka akwai sashe a cikin yarjejeniyar da ke lissafa haƙƙoƙin da kowa ya saki. Da zarar alƙali ya sa hannu na ƙarshe, wannan sashe ya hau kanka, ko ka cika fom ko ba ka cika ba, ko ka kai cek ɗin banki ko ka jefa shi a shara. Abin da kawai ke tsame ka shi ne ka rubuta takardar cire sunanka kafin ranar da aka ɗiba ta wuce. Shi ya sa yin shiru ya fi kowane zaɓi muni a sulhun da ake cika fom: haƙƙi ya tafi, kuɗi ba su zo ba. Kuma haka akasarin mutane suke yi. Wani rahoto da FTC, hukumar tarayya mai kare masu sayayya, ta fitar a 2019 kan ƙararrakin gayya na masu sayayya ya nuna cewa a matsakaiciyar shari'a, kashi 9 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka cancanta suke neman rabonsu.

To nawa ake samu? Ya danganta da yawan mutanen da kuma irin laifin. Dokar da ta fi shafar waɗannan kamfanoni ita ce RESPA, ta 1974. Bayan ainihin asarar da mutum ya yi, tana ba da ƙarin diyya har dala 2,000 idan an nuna cewa saɓa dokar ɗabi'ar kamfanin ce. Amma a ƙarar gayya an sa wa jimillar wannan ƙarin rufi: ba zai wuce dala miliyan 1 ba, ko kashi 1 cikin 100 na dukiyar kamfanin, wanda ya fi ƙanƙanta. Raba miliyan ɗaya ga mutum dubu ɗari ka gani, dala goma ce. Sannan daga cikin asusun sulhun ake cire ladan lauyoyi, wanda sau da yawa yakan kama daga kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, da kuɗin buga takardu da aikawa.

Inda ƙarar gayya take aiki da kyau shi ne inda laifin iri ɗaya ne ga kowa, kuma ana iya lissafa shi daga kwamfutar kamfanin. A sulhun da JPMorgan Chase ya yi a 2013 a kotun tarayya ta kudancin Filorida kan inshorar dole, na kusan dala miliyan 300, an mayar wa mutane wani kaso na abin da aka caje su. Ba wanda zai ɗauki lauya a kan 'yan ɗaruruwan daloli, don haka ba don gayyar ba da kuɗin sun tafi ke nan. Inda take rauni shi ne irin matsalarka, ta neman sassauci, domin labarin kowa daban ne: wane ya tura takardu cikakku, wane bai tura ba, wane an yi masa alkawari ta waya. A 2013 wata alƙaliyar tarayya a Boston, Rya Zobel, ta ƙi amincewa a haɗa masu ƙarar Bank of America kan shirin sassauci na gwamnati mai suna HAMP su zama gayya ɗaya saboda wannan dalili, duk da ta nuna cewa ƙorafin nasu ba na banza ba ne. Akwai dai inda aka dace. A 2018 Wells Fargo ya bayyana cewa wani kuskuren lissafi a manhajarsa ya sa an hana kimanin mutum 870 sassaucin da suka cancanta, aka ƙwace gidajen 545 daga cikinsu. Tunda kuskure ɗaya ne ya shafe su, mutanen kuma ba su da yawa, sulhun dala miliyan 18.5 da aka yi a 2020 a kotun tarayya ta arewacin Kalifoniya ya ba kowa rabo na dubban daloli masu kauri. Ko a nan ɗin, wanda ya san abin da rasa gida ke yi wa iyali, sauya wa yara makaranta, lalacewar sunan mutum a wajen masu ba da bashi na tsawon shekaru, ba zai ce an biya shi ba.

Ga yadda nake ganin ya dace ka auna naka. Idan abin da shari'ar ta ƙunsa ƙananan caji ne, kamar kuɗin biya ta waya ko kuɗin duba gida, kuma sashen sakin haƙƙi ya tsaya a kansu kaɗai, cika fom ɗin ka karɓi rabonka. Da babu gara ba daɗi, kuma ba ka rasa komai ba. Amma idan sashen ya faɗaɗa, ya ce ka saki duk wani haƙƙi da ya shafi yadda aka kula da bashinka, ko neman sassaucinka, ko shirin ƙwace gidan, to dakata. Kai an kusa yi wa gidanka gwanjo, mai yiwuwa ka biya lauya, an ɗora maka dubban daloli, hawan jini ya tashi. Wannan ya kai a kai wa lauyan da ya ƙware kan haƙƙin masu bashin gida ya duba kafin ranar cire suna. Takardar da ta zo maka taƙaitawa ce; cikakkiyar yarjejeniyar tana shafin intanet na sulhun, ita za ka buga ka kai masa.

Kada tsoron kuɗin lauya ya hana ka tambaya. RESPA ta tanadi cewa idan mai gida ya yi nasara, kamfanin ne zai biya ladan lauyansa, shi ya sa wasu lauyoyin ke karɓar irin wannan shari'a ba tare da an ba su komai a gaba ba. Kotuna da dama kuma sun yarda cewa damuwa da tashin hankali suna cikin ainihin asara. Haka nan tun 2013 an hana cusa sharaɗin tilasta sasanci a wajen kotu cikin yarjejeniyar bashin gidan zama, don haka ƙofar kotu a buɗe take. Amma ka san nauyin da ke ciki. Wa'adin shigar da ƙara a sashen RESPA da ya shafi waɗannan kamfanoni shekara 3 ne daga lokacin da aka yi laifin, ko da yake shigar da ƙarar gayya yakan tsayar da ƙidayar wa'adin ga waɗanda ke cikinta, kuma lauya ne zai lissafa maka wannan daidai. Shari'a tana ɗaukar lokaci, ana iya faɗuwa, kuma hujja ce ke yin aiki. Wanda ya ajiye rasiɗin aika takardu da wasiƙun kamfani da ranakun da ya kira waya yana da abin riƙewa. Wanda ba shi da komai sai abin da yake tunawa, zama cikin gayyar ya fi masa.

Abin da lauyan zai duba shi ne ko kamfanin ya taka ƙa'idojin da CFPB ta kafa, waɗanda suka fara aiki ranar 10 ga Janairun 2014. Ba a fara shirin ƙwace gida sai jinkirin biya ya wuce kwana 120. Idan cikakkiyar takardar neman sassauci ta isa hannun kamfani fiye da kwana 37 kafin ranar gwanjo, dole ya duba ta cikin kwana 30 ya ba da amsa a rubuce, kuma ba zai nemi hukuncin kotu ko ya yi gwanjo ba sai an kammala wannan. Idan an mayar da bashi daga wani kamfani zuwa wani, kamar yadda aka yi maka, akwai kwana 60 da ba za a ci tararka ba idan ka biya tsohon kamfanin a kan lokaci. Kafin a ɗora maka inshorar dole kuma sai an sanar da kai aƙalla kwana 45 a gaba. Jera ranakun abin da ya faru da kai a takarda guda, ka gwada su da waɗannan.

Akwai zaɓi na uku da ba a cika amfani da shi ba: ka zauna cikin gayyar amma ka rubuta wa alƙali cewa ba ka gamsu da sulhun ba, ka faɗi dalili, ko kuɗin sun yi kaɗan, ko ladan lauyoyi ya yi yawa, ko sakin haƙƙin ya yi faɗi. Alƙali yana zama na musamman don auna adalcin sulhun kafin ya amince, kuma yana karanta waɗannan wasiƙu. Sai dai idan ya amince duk da ƙorafinka, sulhun ya hau kanka. Ba a haɗa ƙorafi da cire suna; wanda ya fita ba shi da ta cewa.

Idan ka zaɓi zama, ka lura da 'yan abubuwan da ke sa mutane asarar rabonsu. Wani sulhun ana aiko da cek kai tsaye, wani sai an cika fom, takardar za ta faɗa. Idan bashin da sunanka da na uwargida ne, sau da yawa ana buƙatar sa hannun ku biyu, kuma cek ɗin da sunayen biyu zai fito. Idan ka sauya gida, sanar da masu rabon sabon adireshi. Kuɗin ba sa zuwa da wuri: bayan amincewar ƙarshe wani na iya ɗaukaka ƙara, a ƙara shekara ko fiye. Cek ɗin kuma yana da wa'adi, yawanci 'yan watanni, kada a bar shi a aljihun mota. Wani ɓangare na kuɗin yana iya shiga lissafin haraji, don haka ka nuna wa mai cika maka takardun haraji.

Sulhun ba ya goge bashinka, ba ya kuma tsayar da shari'ar ƙwace gida idan tana nan, sai dai idan yarjejeniyar ta faɗi haka ƙarara. Ci gaba da biya. Idan har yanzu akwai cajin da kake ganin na zalunci ne a asusunka, rubuta wa kamfanin takardar nuna kuskure, da sunanka da lambar bashin da bayanin kuskuren, ka aika zuwa adireshin da suka ware don haka, wanda sau da yawa daban yake da inda ake tura biya, ta hanyar da za ka samu shaidar isarta. Dole su amsa cewa ta iso cikin ranakun aiki 5, su gyara ko su yi bayani cikin ranakun aiki 30 a mafi yawan lokuta. Kana iya shigar da ƙorafi a shafin CFPB ko ofishin antoni-janar na Ohio, ga kuma masu ba da shawara kan gidaje da ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD, ta amince da su, waɗanda ke taimakon mai fuskantar ƙwace gida kyauta. Ohio tana cikin jihohin da sai ta kotu ake ƙwace gida, saboda haka duk sammacin da ya zo maka, ka amsa shi a rubuce cikin wa'adinsa. A yau ɗin nan kuma, ɗauko takardar ka nemo ranaku uku da ke jikinta, ta cire suna, ta ƙorafi, da ta cika fom, ka nemi ganin lauya aƙalla mako biyu kafin wadda ta fi kusa.